Sarkin Yaƙi Muhammadu Abu Ali

Jawabin da aka yi wa jama'ar ƙasar Bagwai ranar Tunawa da Mazan Jiya, aka buga shi domin waɗanda ba su sami halarta ba.

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwa, malamai da limamai, mazan jiya da ke zaune nan gaba, iyayenmu mata, da ku 'yan makaranta, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Yau 15 ga Janairu, ranar da Gwamnati ta keɓe ko wace shekara domin tunawa da sojojin ƙasan nan da suka rasu a bakin daga. A da ran 11 ga Nuwamba a ke yin wannan taro, zama ran nan ce aka tsai da Yaƙin Duniya na Farko cikin 1918, ita kuwa Ingila da ƙasashen da ta mallaka suka riƙe. Daga baya Nijeriya ta mai da nata 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970. A manyan birane yau za a yi fareti, a busa begila, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Mu nan ba mu da fareti, saboda haka labari zan ba ku.

In aka ce mutum dubu sun mutu, kunne ya kan ji, amma zuciya ba ta kan kama ba, don ba ta san ta inda za ta riƙe dubu ba. Sai an ɗauko mutum guda, an faɗi sunansa da na ubansa, da shekarunsa, da abin da ya bari, sa'an nan mai sauraro zai san an yi hasara. Shi ya sa na zaɓi hafsa guda ɗaya in yi muku bayaninsa.

Sunansa Muhammad Abu Ali, muƙaminsa Laftanar-Kanar. Ba ɗan Bagwai ba ne, ba ma Bakano ba ne. Mutumin Bassa Nge ne cikin Jihar Kogi, can wajen da Kwara da Binuwai suka haɗu. An haife shi ran 15 ga Agusta 1980, aka kashe shi ran 4 ga Nuwamba 2016 a Malam Fatori, cikin Jihar Borno. In kun lissafa shekara 36 ke nan da 'yan watanni. A nan garin mai shekara 36 bai isa hawa buzu ɗaya da dattawa ba tukuna, in ana shawara sai an ce ya yi magana kana ya yi.

Mahaifinsa ma soja ne, Birgediya-Janar Abu Ali, wanda ya yi Gwamnan Jihar Bauchi zamanin mulkin soja daga 1990 zuwa farkon 1992, bayan ya tuɓe kaki kuma aka naɗa shi Etsu, watau sarkin Bassa Nge. Ashe ke nan Muhammadu ɗan gwamna ne, kuma ɗan sarki. Ina so ku riƙe wannan da kyau. Dattawa da ke nan sun sani, a da in yaro ya shiga soja a ƙasar Hausa uwarsa kuka ta ke yi, maƙwabta kuwa su ce yunwa ta kore shi, ko ya gagari iyaye, ko ya yi abin kunya ya gudu. Wajen samun mulkin kai sai da Sardauna, da Ministan Tsaro Alhaji Muhammadu Ribaɗu, suka yi ta jan hankalin 'yan makarantun Arewa kafin su yarda su nemi aikin hafsa. To, shi wannan yaro babu yunwar da ta kore shi daga gida. Da ya so, da ya sami kujera a wani ofis mai sanyi, ba wanda zai ce masa don me. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Shi an haife shi da zama ɗan sarkin, ya bar shi ya tafi nema wa waɗansu zaman lafiyar.

Karatunsa ba zai tsai da mu ba. Ya yi sakandaren soja a Jos, ya shiga Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna cikin 1998, yana cikin aji na 50. Ya shekara biyar, cikin Satumba 2003 aka maƙala masa anini ɗaya, aka sa shi cikin rukunin masu tankoki da motoci masu sulke. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya da Darfur ta ƙasar Sudan. Har zuwa nan labarinsa bai bambanta da na abokan karatunsa ba.

Ina ruwan Bagwai da Malam Fatori?

Na san wani zai yi wannan tambaya a zuci, tun da ya ke daga nan zuwa can ta hanyar mota an ɗara kilomita 700. To, ku dubi ruwan da ke bayan garin nan. Ruwan Watari, wanda ku ke noman rani da shi, in ya bar dam sai ya gangara ya faɗa Chalawa. Chalawa ta haɗu da kogin Kano, su bi ta Wudil, su zama kogin Haɗeja. Daga nan ruwa ya bazu cikin fadamun Nguru, abin da ya tsira daga rana da rairayi da manoma ya sake taruwa ya bi ta Gashuwa da Gaidam da Damasak, can a ke kiransa Komadugu Yobe, shi ne ma ya zama iyaka tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar. Inda ya ke shiga Tafkin Chadi, gefen Nijar akwai Boso, gefen Nijeriya kuwa Malam Fatori. Watau mu ne a goshin kogin, su ne a wutsiyarsa. Mutanen bakin wannan kogi aikinmu su ke yi, tattasai da albasa da shinkafa, ga su. Bandar kifin da a ke sayarwa a kasuwannin Kano, mai yawa daga Baga ta ke fitowa, bakin wannan tafki, kuma 'yan ci-rani daga ƙasar Hausa sun daɗe suna zuwa can neman abinci.

In kuwa zumuncin ruwa bai ishe ku ba, ku tuna wutar ba ta tsaya a Borno ba. Ran 20 ga Janairu 2012 'yan Boko Haram suka auka wa birnin Kano da bama-bamai da bindigogi, aka rasa mutum fiye da 180 a yini guda. Ran 28 ga Nuwamba 2014 suka kai hari Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ana cikin salla, fiye da mutum 100 suka rasu. Babu ƙauye a ƙasar Kano da bai yi zaman ɗar-ɗar ba ran nan, don ba gidan da ba shi da wani a birni.

Yadda al'amari ya ke farkon 2015

Shekarar 2014 ita ce mafi muni cikin yaƙin nan. Abokan gaba suka bar sari-ka-noƙe suka koma cin garuruwa suna kafa tuta. Suka kama Gwoza cikin Agusta, suka kama Bama cikin Satumba, suka kama Mubi ƙarshen Oktoba. Gaskiya ɗaya ce, ko a takardar Gwamnati ba a ɓoye ta: sojoji da yawa a lokacin sun koka kan ƙarancin kayan faɗa, waɗansu sun bar wuraren da aka girke su, har aka gurfanar da waɗansu gaban kotun soja. Dalili kuwa a fili ya ke. Abokan gaba suna ɗora bindigar harbo jirgin sama a bayan a-kori-kura, harsashinta na cin nisan da bindigar hannu ba ta kai ba. Soja yana riƙe da bindigarsa, ana kashe na kusa da shi daga inda shi ba ya iya ramawa. Ko namijin duniya ne, in an daɗe ana yi masa haka zuciyarsa za ta karaya.

Ran 3 ga Janairu 2015 suka auka wa Baga, suka ci sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi da ke can, suka yi kwanaki suna kisa da ƙone-ƙone. Gwamnati ta ce mutum 150 suka mutu, waɗansu shugabannin wurin suka ce abin ya kai 2,000. Hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙone ko aka rushe a Baga da Doron Baga. Dubban mutane suka faɗa tafki cikin kwale-kwale suka nufi Chadi. Ran 25 ga watan suka ci Monguno, wadda ke kan hanya tsakanin Baga da Maiduguri, a ran nan kuma suka taɓa Maidugurin kanta. Zaɓen ƙasa da aka shirya yi ran 14 ga Fabrairu sai da aka ɗaga shi mako shida, zuwa 28 ga Maris.

Cikin wannan hali ne sababbin tankoki suka iso, aka damƙa waɗansu a hannun wani Manjo siriri mara yawan magana.

Bari in gaya muku ko mene ne tankar yaƙi, don yawancinmu a hoto kaɗai muka san ta. Irin wadda ya yi aiki da ita ana kiranta T-72, ƙirar Rasha ce. Nauyinta ya ɗara tan 40, watau kamar buhun siminti 800. Ba ta da taya, bisa sarƙa ta ke tafiya, saboda haka rairayi ba ya riƙe ta kamar yadda ya ke riƙe mota. Faɗin bakin igwarta milimita 125 ne, dunƙulen hannun babban mutum na shiga. Mutum uku ke cikinta, da direba, da mai saita igwa, da shugaba, inji ne ke ɗura harsashi. Harsashin da ke huda a-kori-kura in ya same ta sai ya yi tsalle. Amma fa kada ku zaci wanda ke ciki yana cikin daɗi. Akwatin ƙarfe ne cikin ranar Borno, ga ƙarar inji, ga hayaƙi, ga albarushi jibge ƙarƙashin mazauninsa. Sa'an nan giwa ce mai ƙarancin gani. Ta 'yan ƙananan gilasai a ke leƙen waje, wanda ya raɓo kusa da ita ba ta ganinsa. Don haka ba ta tafiya sai da sojan ƙasa a gefenta suna tsare ta, ita kuma tana buɗe musu hanya. In ba amana tsakanin na ciki da na waje, to, tanka ba ta da amfani, sai ta zama ganima ga abokan gaba. An sha ganin haka cikin yaƙin nan.

Abin da Abu Ali ya iya ke nan. Kayan aiki ba su yin yaƙi da kansu, ko garma sai da hannu. Ya san ƙarfen, ya kuma san yadda a ke sa mutumin da ya tsorata jiya ya tashi yau ya bi bayanka. Jaridu sun ruwaito daga bakin sojojin da suka bi shi cewa kafin a tashi zuwa Baga ya gaya musu kada su damu, kashi biyar cikin ɗari na aikin kaɗai ya ke nema gare su, sauran shi zai yi da tankoki. Sun kuma ce ya kan gargaɗe su su zauna a faɗake su tsira da ransu, in lalle sai wani ya mutu, to, ya zama shi. Irin wannan magana ba wuyar faɗi gare ta ba, shugabanni da yawa sun yi ta a inuwa. Abin da ya sa tasa ta kama, da aka tashi sai suka ga tankarsa ce a gaba.

Ran 16 ga Fabrairu aka karɓo Monguno. Ran 21 ga wata aka shiga Baga, bayan an bi hanya ana tonon nakiyoyin da aka binne. Daga Maiduguri zuwa Baga kusan kilomita 200 ne, mai yawa fili ne fetal, ba dutse ba tudu, ba abin fakewa sai sabara da ƙaya. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, kuma ba daidai ba ne a ce haka. Akwai manyansa da suka tsara, akwai mayaƙan sama, akwai 'yan sa-kai na Maiduguri da suka san hanya, ga sojojin Chadi da Nijar da Kamaru suna matsowa ta nasu ɓangaren. Amma a bakin sojan da ke ƙasa sunan mutum guda ya fi yawo. Ran 27 ga Maris aka karɓo Gwoza, washegari aka yi zaɓe.

A nan ne ya sami sunan da na sa wa wannan jawabi. Ranka ya daɗe, kai ka fi kowa sani a nan, sarauta a ƙasar Hausa sarki ke ba da ita, a fada, da rawani da alkyabba, da algaita. Sarkin Yaƙi da Barde da Jarmai duk haka a ke naɗa su. Wannan kuwa ba wanda ya naɗa masa rawani. Sojojinsa ne da mutanen garuruwan da ya ƙwato suka riƙa kiransa Sarkin Yaƙi, har sunan ya bi shi. Ni a ganina babu sarautar da ta fi wannan wuyar samu, zama na ƙasa da kai ba ya yi maka kara a inda harsashi ke zuba.

Hukuma ma ba ta yi jinkiri ba. Cikin Satumba 2015, bayan an karɓo Gamboru Ngala a kan iyakar Kamaru, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar-Janar Tukur Yusuf Buratai, ya tafi har can ya maƙala masa muƙamin Laftanar-Kanar a fagen fama, gaban mutanensa. Bisa ga al'adar soja Manjo ya kan jira shekarunsa su cika, ya ci jarrabawa, kwamiti ya zauna a kansa. Shi aka tsallakar da shi saboda aikinsa. Ƙarin girma irin wannan kuwa ba hutu ya ke jawowa ba. Wanda aka ga ya iya, shi a ke ta aikawa inda ya fi zafi.

Daren Juma'a

Cikin Agusta 2016 abokan gaba suka rabu biyu. Ɓangaren da ya kafu a tsibiran Tafkin Chadi ya mai da hankali ga sansanonin soja, suna taruwa da yawa su auka wa wuri guda, su kwashi makamai su koma cikin ruwa da ciyayi inda mota ba ta bin su. Malam Fatori na bakin wannan wuri, ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Abadam, ƙarshen Nijeriya ta wannan kusurwa. Can aka kai Abu Ali, yana shugabancin bataliyar tankoki ta 272.

Daren Juma'a 4 ga Nuwamba 2016 suka kawo hari sansanin Bataliya ta 119 da ke garin. Aka yi artabu cikin duhu, aka kore su, sansani bai faɗi ba. Amma cikin wannan faɗa harsashi ya sami Sarkin Yaƙi, kwana ya ƙare. Abin da ya riƙa faɗa wa mutanensa shi ya auku.

Ran Litinin 7 ga wata aka binne shi a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja, tare da waɗansu sojoji shida. Janar Buratai na cikin jawabi hawaye suka zubo masa gaban jama'a, abin da ba a saba gani ga babban soja ba. Mamacin ya bar mahaifinsa, wanda ya yi shekaru cikin kaki ya fita lafiya, ga shi yau yana karɓar gaisuwar ɗansa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku ƙanana. Cikin Disamba na shekaran nan sojoji suka shiga tsakiyar dajin Sambisa, cikin 2017 kuma aka sa sunansa ga filin koyon harbi da aka yi a dajin.

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba, don kuna jin rediyo. Cikin Nuwamba 2018 aka ci sansanin Metele, aka kashe sojoji da yawa har da shugabansu, Laftanar-Kanar Ibrahim Sakaba. Cikin Disamba na shekaran nan Baga ta sake faɗawa hannun abokan gaba, mutane suka sake gudu, sai cikin Satumba 2020 Gwamna Babagana Umara Zulum ya fara mai da su gida. Saboda haka mai tunani zai iya cewa, to, jinin nan a banza ya zuba ke nan? Ku manoma ne, ku za ku ba da amsa. Wanda ya yi noman firi, bayan kwana kaɗan ciyawa ta sake fitowa, wa zai ce masa wahalar banza ya yi? Ba don firin ba, da babu abin da za a yi wa maimai. A watannin nan na farkon 2015 ana maganar ko Maiduguri za ta kwana ne, birnin da ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. Ba ta faɗi ba. In an yi sakaci da gona bayan mai firi ya tafi, laifin ba nasa ba ne.

Sauran shidan

Yanzu ku komo ga mutum shidan nan da aka jera tare da shi. Cikinsu akwai saje, akwai kofur, akwai farabiti. Wanda ya ji sunayensu zai san akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ɗan Arewa akwai ɗan Kudu. Jaridu sun buga su rana ɗaya, daga nan sai hoton hafsa kaɗai ya yi ta yawo. Ba hassada na ke yi wa hafsa ba, ya cancanci abin da ya samu. Amma su ma sun yi sa'a, don sun mutu tare da mai suna. Da yawa a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri a ke binne su, ba mai ɗaukar hoto.

Haka abin ya ke tun zamanin kakanninmu. Lokacin yaƙin Hitila an ɗebi samari daga ƙasar Kano aka haɗa su cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ƙetare teku da su zuwa Burma, suka yi yaƙi da Japan cikin kurmi da ruwan sama, suka ci Myohaung cikin Janairu 1945. Sunayen wuraren da suka yi faɗa suna nan an sa wa barikoki, Dodan da Arakan a Ikko, Dalet a Kaduna. Sunayen garuruwan Burma sun zauna, na mutanen kuwa sai a gidajensu, in ma akwai mai tunawa. Yau ma ana ɗaukar kurata daga ko wace jiha bisa rabonta, a kai su Zariya horo. Ku kun san gidajen da ke da ɗa a soja, ko a Bagwai, ko Kiyawa, ko Gogori, ko Romo, ko Rimin Dako. Kun kuma san gidan da aka aiko wa da saƙo.

Ga shi kuwa kaki ya matso kusa da mu. Cikin 2025 ɓarayin daji suka riƙa tsallakowa ta iyakar Katsina suna taɓa ƙauyukan maƙwabtanmu na Shanono da Tsanyawa, har aka girke sojoji. Yaron da ku ke gani bakin hanya da bindiga, baƙo ne, bai san wace burtali ke fita ina ba, bai san fuskar ɗan gari da ta baƙo ba. Shi ma kamar tankan nan ya ke, yana da ƙarfi amma ganinsa kaɗan ne, ku ne idonsa. Wanda ya ga baƙin babura, ko mai sayen fetur da burodi fiye da ƙima, ya gaya wa mai unguwa tun da wuri. Ba kuwa cewa na yi ko wane mai kaki Abu Ali ne ba. In soja ya zalunci talaka, a kai ƙara ta hannun dagaci da Hakimi har ga shugabansa, kada a yi shiru, kada kuma a ɗauki doka a hannu.

Abin da ke wuyanmu

Saura magana guda, ita ce kuwa ta fi kusa da ikonmu. Ɗan sarki in ya rasu akwai masu duba bayansa. Farabiti fa? Gidan bariki ba na gado ba ne. Matarsa za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ba da daɗewa ba kuma ta kwaso 'ya'ya da 'yan komatsai ta komo ƙauye. Ran nan fareti ya ƙare, saura mu.

Ku iyayen soja, da ku matansu, ku rubuta lambarsa ta aiki da sunan bataliyarsa ku adana tun yana da rai, ba fata ba ne, tanadi ne. Ko wane soja ya kan rubuta sunan magajinsa a takarda. Ku sa shi ya gyara in ya yi aure ko ya haihu, don da yawa sun rubuta sunan wa ko ƙane tun suna kurata, suka manta. Shi kuwa wanda sunansa ke takarda ya sani amana aka ba shi. Shi hukuma za ta nema, amma wannan bai mai da shi mai dukiya shi kaɗai ba. A kai maganar gaban alƙali, ko malamin da ya san rabon gado. Mata tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, uwa da uba ko wanne da sudusinsa, saura na 'ya'ya. Abin kunya ne a ce mutum ya tsare ƙasa da ransa, ɗan'uwansa ya sayi babur da kuɗin marayunsa, amma kun sani ana yi.

Rundunar Soja tana da shirin biyan kuɗin makarantar 'ya'yan wanda ya rasu a bakin aiki, sai dai ba ya zuwa har gida da ƙafarsa, sai an nema da takardu. A tanadi takardar haihuwar ko wane yaro da shaidar makarantarsa. Matar da ba ta yi boko ba kada a bar ta ta yi ta yawon ofisoshi ita kaɗai, mai ilmi cikin dangi ya raka ta, a kuma nemi Ƙungiyar Mazan Jiya, su suka san ƙofofin. 'Yar alamar nan da a ke sayarwa a maƙala a ƙirji wannan wata, kuɗinta domin irin waɗannan a ke tarawa, mai hali ya saya.

Abin da bai bukaci takarda ba kuwa kun fi ni saninsa. Gonar mamaci kada ta yi saura, kada kuma maƙwabci ya ci iyakarta. In damina ta faɗi, samarin unguwa su yi mata gayya rana ɗaya. In an yi girbi ana fid da zakka, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa, a tuna da gidan in mabukata ne, kada sai sun fito sun roƙa.

Ranka ya daɗe, ina roƙon arziki guda. Ka umurci dagatai, ko wanne ya bincika ƙasarsa, ya rubuto sunan duk wanda ya tafi soja bai komo ba, tun daga Burma da Kwango, da yaƙin basasa, da Laberiya da Saliyo, har zuwa Borno. A rubuta sunansa da na ubansa da unguwarsu, da shekarar da ya rasu in an sani, da wanda ya bari. A yi hanzarin tambayar tsofaffi tun suna nan. In Allah ya kai mu baɗi, a karanta takardar a wannan fili.

Yanzu sai mu miƙe mu yi shiru na minti ɗaya, sa'an nan Liman ya yi mana addu'a. Allah ya jiƙan Muhammadu Abu Ali, ya raya abin da ya bari, ya ba iyalan sauran haƙuri.